Tarin da ya ƙi jin sirob: ko ƙwayar hawan jinin ce?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Pantami a Gombe ta ce wata 3 ke nan da aka ɗora mahaifiyarta, mai shekara 63, a kan magungunan hawan jini guda biyu, lisinopril da amlodipine. Ba a jima ba busasshen tari ya kama ta, ba kaki ba majina, ya fi matsa mata da dare. An sha sirob kala-kala, an sha kafso, an yi gwajin tarin fuka ba a ga komai ba. Ga shi yanzu ƙafafunta sun soma kumbura. Ban da waɗannan, tana shan haɗin da ake sayo mata a kemis saboda ciwon gwiwa. Hajiyar ta ce maganin asibiti ne ke ƙara mata ciwo, za ta ajiye shi ta koma jiƙo. Shin magani na iya sa mutum tari? A bar ta ta daina sha? Kuma yaya ake bambance illar magani da sabon ciwo?

Amsa: Malama, sannu da jinya. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Aikina haɗa magunguna da bayar da su a asibiti, ta wannan ɓangaren zan amsa miki. Sunayen magungunan zan bar su yadda suke a jikin kwali don ki ɗauko na Hajiya ki gwada.

Eh, magani yana sa tari, kuma lisinopril ya yi suna a kan haka. Hajiya ba raki take yi ba, ta lura da jikinta ne, kuma da alama ta canka daidai. Inda muka rabu da ita shi ne batun ajiye magungunan gaba ɗaya. Wanda ya dame ta ake canzawa. Sannan in gaya miki tun yanzu, a duk abin da kika lissafo, haɗin kemis ɗin nan ya fi tarin da kumburin tayar min da hankali. Zan zo kansa.

Lisinopril yana danne wani sinadari ne na jiki wanda ke sa hanyoyin jini su tsuke. Da an danne shi sai hanyoyin su saki, jini ya sauka. To amma sinadarin nan yana da aiki na biyu: shi ke share wani abu da ake kira bradykinin daga huhu da maƙogwaro. In ya daina sharewa, sai abin ya taru ya riƙa susar maƙoshi. Shi ya sa tarin ke zuwa a bushe, mutum ya yi ta gyaran murya, in ya kwanta abin ya ƙaru, wata tsohuwar har fitsari ya kuɓuce mata don tsananin tari, ta ji kunyar faɗa. Kusan mutum 1 cikin 10 masu shan maganin suna gamuwa da shi, kuma mata sun fi maza. Wani a makon farko yake somawa, wani sai an yi watanni, lokacin da kowa ya manta an taɓa canza magani, sai a ɗora wa sanyi ko ƙurar hunturu laifi. 'Yan gidansu duka haka suke: captopril, enalapril, ramipril, duk wanda sunansa ya ƙare da pril.

Irin wannan tari ba ya jin sirob, ba ya jin zuma da lemon tsami, balle kafson kashe ƙwayoyin cuta, tunda babu ƙwayar cutar da za a kashe. Sai an cire lisinopril an sa wani a madadinsa. Galibi likita kan koma ga losartan ko telmisartan, masu yin kusan aiki iri ɗaya ba tare da tara abin nan a maƙogwaro ba. Bayan an canza, tarin kan lafa cikin mako 1 zuwa 4, na wani ma yakan ja har wata 3. Ki sanar da Hajiya wannan tun kafin a canza, kada ta yi kwana 5 tana tari ta ce sabon ma bai karɓe ta ba.

Amma kada mu yi saurin rufe magana. Tarin dare tare da kumburin ƙafa a jikin dattijuwa mai hawan jini yana iya zama zuciya ce ta soma gajiya, ruwa na taruwa a huhu. Ki sa mata ido a daren nan. Sai ta tara filo ta jingina take iya barci? Tana farkawa tsakar dare numfashi na sarƙe mata? Tana haki in ta taso daga ɗaki zuwa wajen alwala? In kin ga ko ɗaya daga ciki, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A kai ta a yau, ko asibitin ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk wanda ya fi muku kusa. Likitan da ya saurari ƙirjinta shi zai raba gardama.

In numfashinta lafiya lau, to amlodipine ne abin zargi na farko a kan ƙafar. Yana buɗe ƙananan hanyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da masu dawo da shi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ya taru a idon sawu. Ƙafa biyun ke kumbura tare, da safe su sauka, da yamma su cika har takalmi ya matse, kuma lokacin zafi abin ya fi yawa. Ya fi kama mai shan miligiram 10 a kan mai shan 5. Ƙwayar sa fitsari ba ta cika yi masa komai ba. Rage yawan maganin ko canza shi ke sauke shi. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo a sha-raɓa, wannan wani zance ne daban, ana tsoron gudan jini, shi ma na gaggawa ne.

Yanzu ga haɗin. In aka kwance ƙullin ledar nan aka zazzage a kan tebur, abin da na saba gani ƙwayoyi ne 4 ko 5 masu launi daban-daban, tsirara, babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa. Akwai farasitamol. Akwai diclofenac ko ibuprofen. Sau da yawa akwai kafson piroxicam, wanda aka fi sani da Feldene. Akwai 'yar mitsitsiyar fara, dexamethasone ko prednisolone. Sai 'yar rawaya ta bitamin don cika ido. Mai kemis ya ce a watsa duka lokaci guda, safe da dare. Kuma gaskiya gwiwa tana yin sauƙi, har tsohuwa ta taso daga sujada ba ta dafa bango ba. Shi ya sa ake komawa.

Diclofenac, ibuprofen da piroxicam dangi ɗaya ne. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara wani sauƙi, illar ce ke ƙaruwa. Sinadarin da suke dannewa don ciwo ya lafa, shi ne kuma ke sa tumbi ya yi wa kansa shafen da ke kare shi daga ruwan tsamin narkar da abinci, shi ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Don haka mai shan su kullum yana gab da olsa, kuma a jikin tsofaffi olsar kan yi ta zubar da jini a ɓoye ba tare da wani ciwon ciki na a-zo-a-gani ba. Sai dai a ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin, mai danƙo da wari, mutum ya ɗashe yana jiri. Ƙoda kuwa ta fi shan wuya a irin zafin Gombe na Maris da Afrilu, ko a azumi, lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Ga shi kuma suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, ƙafa ta kumbura.

Ki duba yadda abin ke tafiya in kowa ya yi shiru. Hajiya na shan haɗi, jininta ya ƙi sauka. Likita bai san da haɗin ba, domin a gida ba a ɗauke shi magani ba balle a faɗa masa, sai ya ƙara amlodipine daga 5 zuwa 10. Ƙafa ta kumbura. A je kemis a karɓo Lasix, ƙwayar sa fitsari, ya zuƙe ruwan. To yanzu an tara wa ƙoda abu uku: lisinopril, ƙwayar sa fitsari, da diclofenac. Masu aikin lafiya sun san sharrin haɗuwar ukun nan, tana iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman in gudawa ko amai suka shigo. Kowane mataki da kyakkyawar niyya aka yi shi, kowace ƙwaya an sayo ta ne don ta gyara ɓarnar wadda ta gabace ta. Da yawa daga cikin munanan illolin da nake gani a wajen aiki ta wannan hanyar suke zuwa, a hankali, ba wanda ya san jimillar abin da mutum ke haɗiya.

Don haka a makon nan ki tattara duk abin da Hajiya ke sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da ƙullin haɗin da ba a kwance ba, ki kai ta da su. Kada ki ce za ki riƙe sunaye a ka. A zazzage su gaban likita ko mai bayar da magani, a faɗi lokacin da aka soma kowanne da lokacin da tarin ya soma. Ki roƙi a yi mata gwajin ƙoda da na gishirin jini, domin lisinopril da losartan duka suna iya ɗaga sinadarin fotasiyam. Kafin nan ta ci gaba da shan na hawan jinin; tarin yana da takura amma ba ya kisa. Diclofenac da 'yan uwansa su ne za a dakatar. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya: in akwai dexamethasone ko prednisolone a cikin haɗin, kuma ta haura mako 3 tana sha kullum, ba a yanke shi lokaci guda. Jiki ma yana yin irin wannan sinadarin da kansa, to ya riga ya rage yin nasa ya dogara da na ƙwaya, in aka tsayar kwatsam sai kasala mai tsanani, amai, jini ya faɗi ƙasa. A hankali ake ragewa, yadda likita ya tsara. Shi ya sa kai haɗin a tantance na yau ne ko gobe, ba na mako mai zuwa ba.

Gwiwar kuma ba za a bar ta haka ba. Farasitamol ya fi aminci, muddin ba a wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ba, ga tsoho marar jiki ma a yi ƙasa da haka. A tuna yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, in aka haɗa sai a zarce ba a sani ba, hanta ta ji jiki. Diclofenac na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, ya fi na haɗiya sauƙin illa. Sashen gashin ƙashi ma suna da abin da za su koya mata.

Akwai illar lisinopril guda da ba a jira da ita ko na awa ɗaya: kumburin leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro. Ba ta da yawa, amma ta fi kama mutane baƙar fata, kuma tana iya zuwa bayan mutum ya shekara yana shan maganin lafiya lau. In kin ga haka, kada a sake ba ta ko ƙwaya ɗaya, a nufi asibiti kai tsaye domin tana iya toshe numfashi, kuma ita da duk mai pril sun rabu har abada. Ke ma, in kanki ya sara kada ki ce bari ki ɗan taɓa na Hajiya. Lisinopril da losartan suna lahanta ƙodar ɗan da ke ciki, ba a ba mai juna biyu.

Tambayarki ta ƙarshe ta fi faɗi. Ƙwaya ba ta san inda ke ciwo ba. Ta narke ta shiga jini, jini kuma ko'ina yana zuwa, kamar ban-ruwa a gonakin Dadin Kowa, ruwan da aka sako don shinkafa ciyawa ma tana sha. Abin da ke bambanta mutum da mutum shi ne yawan abin da ya sha, shekarunsa, lafiyar hantarsa da ƙodarsa masu tace maganin su fitar, sauran abubuwan da yake sha, da kuma gado. Manyanmu ba su manta ƙaiƙayin kulorokwin ba, mai hana barci kwana biyu ko uku, kuma a gida ɗaya wani ya yi ta susa, wani ko a jikinsa. Hanyar ganewa ta farko ita ce lissafin lokaci. Duk sabon abin da ya ɓullo a jiki, ki tambayi kanki: me aka soma sha, ko me aka ƙara yawansa, a kwanaki ko makonnin da suka wuce? Da an yi wannan tambayar a watan farko, da kuɗin sirob ya tsira. Bayan nan sai a duba nauyin abin.

Wasu tsoro kawai suke bayarwa. Rifampicin na cikin maganin tarin fuka yana mayar da fitsari, gumi da hawaye ja-ja, mutane su ɗauka jini ne su gudu daga maganin wata 6, alhali launin ƙwayar ne ke fita. Abin da ya fi kamata mace ta sani a kansa shi ne yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, sai a ga ciki ba shiri. Flagyl yana sa ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ƙwayar ƙarin jini ta masu awo tana baƙanta bayan gida, amma ba mai danƙo da wari ba. Metformin na masu ciwon suga yana ɓata ciki a makonnin farko, in ana shan sa tare da abinci yakan daidaita. Irin waɗannan haƙuri ake yi da su, a dai ambata in an koma asibiti.

Wanda nake so kowane gida ya sani shi ne na fata. Somawarsa ba ta da bambanci da maleriya: zazzaɓi, ciwon jiki, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja yana raɗaɗi. Bayan kwana 1 zuwa 3 sai ƙuraje su feso, baki ya yi gyambo, leɓe ya farfashe yana jini, mutum ya kasa haɗiyar ko ruwa, fata ta yi bororo ta soma saluɓewa. Likitoci na kiransa ciwon Stevens-Johnson. Yana kisa, wanda ya tsira ma wani lokaci idonsa ba ya komawa daidai. Galibi a cikin wata 2 na farkon soma magani yake zuwa, kuma waɗanda suka fi jawo shi sanannu ne: Septrin, Fansidar, magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine, phenytoin da phenobarbital, sai nevirapine na masu cutar ƙanjamau da allopurinol na wani ciwon gaɓoɓi. Abin takaicin, a kwanakin farko ana ɗaukarsa maleriya ko ƙyanda, sai a ci gaba da ɗura wa mutum abin da ya jawo shi, ko a ƙaro Fansidar a kan Septrin, alhali dukansu masu sinadarin salfa ne. Duk wanda ya soma sabon magani aka ga ƙuraje tare da zazzaɓi, ko gyambon baki, ko jan ido, a tsayar da maganin a tafi asibiti da kwalin a hannu. In na farfaɗiya ne, a can za a ba shi madadinsa a ranar, tunda ba a barin mai farfaɗiya haka kawai.

Maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara a damina shi ma yana da salfa. Ban faɗi haka don a rufe wa masu rabo ƙofa ba; maleriyar da yake karewa ta fi wannan illar yawa nesa ba kusa ba. Na faɗa ne don in suka tambaya ko yaro yana shan Septrin, ko ya taɓa yin ƙuraje bayan shan magani, a tsaya a ba su amsa ta gaskiya maimakon "ba komai" ta sauri.

Sauran na gaggawa ba sa buƙatar dogon bayani: borin jini da sarƙewar numfashi ko suma 'yan mintoci bayan allura ko ƙwaya, musamman dangin fenisilin, ido ya yi rawaya da amai ga mai shan maganin tarin fuka, aman jini, fitsari ya ragu ƙwarai. Haka ƙarar kunne ko raguwar ji bayan allurar gentamicin, wadda ake soka wa mutane barkatai, kuma jin da ya tafi ba ya cika dawowa. Mai shan glibenclamide na ciwon suga in ya soma gumi, karkarwa da ruɗewa, musamman da la'asar a azumi, suga ne ya faɗi. A ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, ba a jiran kiran magariba.

Akwai kuma wadda ake kaiwa wajen malamai kafin asibiti. An taɓa shigo mana da wata budurwa da daddare, wuyanta ya murɗe gefe guda, idanunta sun kafe sama, harshe a waje, muƙamuƙi ya riƙe, ga ƙamshin turaren hayaƙi da man habbatus sauda duk a kayanta. Tun la'asar ake mata ruƙiyya. Tana jin duk abin da ake faɗa, hawaye na zuba, magana ce ta gagara. Kakarta na cewa mutanen ɓoye ne, yayanta na tsoron sanƙarau. Da aka tambayi abin da ta sha, sai ƙanwarta ta ce jiya an yi mata allurar tsayar da amai, aka kuma haɗo ta da ƙwayoyi. Metoclopramide ne. Shi da magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine suna iya ƙanƙame tsoka haka, kuma yara da 'yan mata ya fi kamawa. Aka yi mata allurar da ke warware shi, kafin a gama cike kati wuyan ya saki, ta nemi ruwa. A yi addu'a, amma a kuma tambayi abin da aka sha jiya da yau.

In kika buɗe takardar da ke cikin kwali za ki ga illoli jere kamar ba za su ƙare ba. Ki duba yadda aka kasa su: wanda aka ce yana yawan faruwa shi ne mai samun mutum 1 zuwa 10 cikin 100, wanda aka ce da wuya ya faru kuwa bai kai 1 cikin 1,000 ba. Aikin likita shi ne ya auna wannan da abin da zai faru in ba a sha ba. A asibitin masu saran maciji na Kaltungo, allurar kashe dafi tana iya tayar da borin jini har ta sarƙe numfashi. Masu yin ta sun san haka, shi ya sa ake ajiye allurar adirenalin a kusa. Ba wanda kububuwa ta sara da zai ce a ƙyale shi don tsoron ƙaiƙayi. Shi hawan jini ba ya ciwo ne, sai mutum ya ga tarin da ke hana shi barci, ya manta da shanyewar ɓarin jikin da ƙwayar ke tare masa. In Hajiya ta ajiye magani, cikin 'yan kwanaki jinin zai koma inda yake, nan da 'yan makonni tari ya tafi, ta ji daɗin jikinta ta ce ai ta warke. Wannan jin daɗin nake yi mata tsoro.

Batun jiƙo, ki lallaɓa ta, kada ki yi mata gardama a kan abin da ta gada. Ni ban raina itatuwa ba. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, maganin maleriyar da muke bayarwa yau ma asalinsa wani tsiro ne na ƙasar Sin. Amma jiƙo ba shi da awo, na yau ya fi na jiya kauri, kuma shi ma ta hanta da ƙoda yake bi. Na kwalba da ake talla da lasifika a kasuwa kuwa, an sha gano irinsu da aka zuba musu dexamethasone ko diclofenac a ɓoye, ka ga haɗin da muke gudu ne ya canza riga. Zoɓo marar suga yana ɗan sauke jini, ta sha abinta, amma ba ya isar wa mai irin jininta. Duk abin da ta zaɓi sha, a faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba.

In an tabbatar lisinopril ne, ki sa a rubuta a katinta, ki kuma rubuta a 'yar takardar da za ta zauna cikin jakarta, domin wani likitan da bai san labari ba zai iya mayar da ita kansa. Sannan ki nemi a cike mata fom ɗin rahoton illar magani na hukumar NAFDAC, mai launin rawaya. Ana kuma iya aikawa ta manhajar waya mai suna Med Safety da hukumar ta ƙaddamar a 2020. Kafin a fitar da magani kasuwa mutum 'yan dubbai ake gwada shi a kansu, galibi ba a nahiyarmu ba, don haka illar da ke samun mutum 1 cikin 10,000 sai ya shiga hannun jama'a take bayyana. Bayan thalidomide ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin tattara irin waɗannan rahotanni a 1968, Najeriya ta shiga a 2004. Rahoton ne kuma ke tona gurɓataccen magani, irin sirob ɗin haƙoran yara na My Pikin da ya kashe aƙalla yara 84 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009. Fom ɗin yana neman sunan magani, kamfanin da ya yi shi, lambar rukunin da aka buga a gefen kwali, ranar da aka soma sha da ranar da illar ta ɓullo, don haka kada a jefar da kwalin ko da ƙwayoyin sun ƙare.